Makon da Kibwana Ya Gyara Taga

Ɓular da ke jikin ragar tagar gidan Kibwana ba ta wuce girman ƙwan kaza ba ranar da aka fara maganarta. Ni shaida ne, domin dakalin da nake sayar da gahawa a kai yana kallon tagar ne ido da ido, a layinmu na bayan kasuwar Ngamiani a Tanga, garin bakin teku. A gabana hankaka ya yi ta, garin leƙen kan kifin da aka manta a bakin tagar.

Kibwana kuwa duk layin an san shi. Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin ƙofar wani sito a tashar jiragen ruwa, yana buɗewa yana rufewa. Amma ka bari ya kurɓi kofi biyu, sai ka ji ashe babban injiniya ne a jirgin Girkawa. Mu da muka tashi tare mun san sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi, shi ma yana ɗaure a bakin gaɓa, kuma a kafaɗa aka sauko da shi yana amai.

Ran Litinin aka bugo waya daga Dar es Salaam cewa 'yarsu Zuhura ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Jikan fari ke nan. Mwantumu, matar Kibwana, ta rangaɗa guɗar da sai da kajin layin suka watse. Tun cikin yana wata uku take tanadin wankan jego. Ta sayi itace, ta sayi sabuwar katifa, ta haɗa turaren wuta da ruwan wardi ta ɓoye a akwati. Sai dai da sharaɗi aka yarda za a kawo mai jegon gida. Uban mijin Zuhura, wani dattijo mai suna Shemdoe, mutumin duwatsun Lushoto ne, inda sanyi ba ya barin sauro ya sake, kuma a ganinsa duk wanda ya kwana a bakin teku ya tashi da rai, to da sauran shan ruwansa ne kawai. Ya ce shi da kansa zai rako su ran Asabar ya duba ɗakin. In ya ga ko da hanyar da sauro ɗaya zai bi, uwa da ɗa Lushoto za su wuce a ranar.

Mwantumu ta leƙo daga ƙofa, Kibwana yana zaune kusa da ni yana karɓar barka kamar shi ya yi naƙudar.

"Baban Zuhura, ka aika a kira Shomari kafinta ya sauya ragar ɗakin can. Kafin shayi ya huce zai gama."

Kibwana ya ajiye kofinsa a hankali.

"Shomari? Shomarin da aka yi wa kaciya a gabana? Shi zai shigo gidana da guduma, ina raye? Ni da na sa wa jirgin Girkawa taga ɗari huɗu a tsakiyar teku, ana iska, da hannu ɗaya, ɗayan ina riƙe da kyaftin kada ya faɗa ruwa?"

Sikujua, maƙwabciyarsu mai suyar kifi a bakin layi, ko ɗago kai ba ta yi daga kaskonta ba.

"Bara ɗari biyu ka ce, Injiniya."

"Bara ban ƙirga na ɗaya gefen ba."

"To me ya haɗa jirgin ruwa da ragar sauro?"

"Ke da ba ki taɓa wuce bakin kasko ba, ina za ki san sauron teku? Kowane ɗaya ya kai ɗan tsako." Ya juya wurin matarsa. "Maman Zuhura, ki kwantar da hankalinki. Ba ɗaki ɗaya ba, duk gidan zan yi. In mutumin dutsen nan ya zo, sai ya roƙe ni in bi shi Lushoto in yi masa nasa."

Washegari da hantsi muka ji ɓarar, ɓarar. Kibwana ne ya bi tagogin gidan huɗu ya yage ragarsu kakaf, har da ukun da ba abin da ya same su. Ya ce babban ma'aikaci ba ya gina sabo a kan tsoho. Daga nan ya ɗauko tsohuwar robar tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita, ya kafa ta a gefen taga ɗaya, ya ja ta har ɗaya gefen, ya shata alama da alli.

Na ce, "Kibwana, bari in aro maka tef ɗin awo mana."

"Tef na masu shakka ne, Mbaruku."

"Robar nan fa miƙewa take yi."

"Shi ya sa na zaɓe ta. Awo ɗaya, kowace taga ta shiga."

Ya cusa robar a aljihu ya nufi kasuwa. Bayan azahar ya dawo da raga guda huɗu da aka yanka masa daidai alamar allin, kowace ba ta fi faifai ba. Da ya kara ɗaya a tsakiyar taga sai ka ce an manna wa giwa filasta. Ya juya ta ta tsaye, ya juya ta ta kwance, ya ja ta da haƙori.

Sikujua ta ce, "Ka jiƙa ta mana, ko za ta kumbura."

"Motsewa ta yi a hanya," in ji shi. "Kayan zamani ba sa jure rana."

Ran Laraba da safe ya fito shan gahawa, fuskar nan duk ta yi rudu-rudu, ido ɗaya ya kusa rufewa. Gida mai taga huɗu a buɗe, a watan damina, ai walima aka shirya wa sauron unguwa. Na tambaye shi lafiya.

"Da gangan na bar su," in ji shi yana sosa kunne. "Ba a yaƙi sai an auna ƙarfin abokin gaba. Yanzu na gane su. Ragar leda ba ta ishe su ba, ƙarfe suke so."

Kafin mu farga ya tafi ya dawo da ƙaton naɗin wayar kejin kaji a ka. Idon wayar nan, yatsuna uku za su shige ba tare da sun gogi juna ba. Masu shan gahawa suka miƙe suka tsallaka titi don su gani da kyau. Mwantumu ta dubi wayar, ta dubi mijinta.

"Baban Zuhura, ta nan ai sauro da matarsa da 'ya'yansa za su shiga riƙe da hannun juna."

"Ba ki san halinsa ba ne. Sauro in ya iso ya ga ƙarfe, sai ya tsaya ya yi tunani. Kuma ninki uku zan yi. In ya wuce na farko, ya ɓata hanya a na biyu, a na uku baƙin ciki ya kashe shi."

"Kai, madalla," in ji Sikujua. "In dai don kaji ne, jaririn ya tsira."

Ya fara da tagar ɗakin mai jego. Siraran katakan da ke danne raga a jikin firam, wato katakon da ya kewaye tagar, ƙananan ƙusoshi suke so, irin na takalmi. Kibwana ya ce waɗannan ƙusoshin mata ne, ya ɗauko mai inci shida, irin wadda ake kafa rufin gida da ita. Bugun farko ya sauka a babban yatsansa. Ya yi tsalle uku, ya ce gwada gudumar yake yi. Bugu na biyu ya tsaga siririn katakon gida biyu. Na uku ya tsaga firam ɗin kansa daga sama har ƙasa.

Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Dama na zargi katakon nan. Sai an ciro shi an yi masa aiki a ƙasa."

Na ce, "Kibwana, tun zamanin kakanka firam ɗin nan yake cikin bango. Kada garin gyaran gira a rasa ido."

"Kakana ma da ya samu irina ai da tuni an cire."

Ya samo wani dogon ƙarfe na tsohuwar mota, ya cusa tsakanin katako da bango, ya rataya a jiki da duk nauyinsa. Shiru. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sake ratayawa. Firam ɗin ya fito, gaskiya ne. Amma bangon gidajenmu na dutsen teku ne da farar ƙasa, kuma ya daɗe da shaƙuwa da katakon nan, don haka sai ya biyo shi. Rugum! Ƙura ta turnuƙe layin, na kifa faranti a kan alewar kwakwar da nake sayarwa.

Da ƙurar ta lafa, sai ga mu ga Mwantumu. Tana zaune a kan sabuwar katifa a cikin ɗakin, da tiren shinkafa a cinya tana tsinta, ta yi fari fat daga ɗankwali har ƙafa. Inda taga take da, yanzu amalanke zai shige. Ta dube mu, mu kusan goma sha biyar, muka dube ta.

Ta ce, "Sannunku da hutawa."

Kowa ya sunkuyar da kai ya amsa, "Yauwa, sannu da aiki."

Ran Alhamis akuyar ladan ce ta fara shiga ɗakin, ta ci kusurwar katifa ta fito. Kibwana ya shaida wa duk mai wucewa cewa dama shirinsa ke nan, ɗakin ba ya samun iska, kuma a ƙasashen da ya zaga haka ake yi wa masu jego. Shomari kafinta ya zo da kansa, mutum mai kunya, ya rage murya don kada mu ji.

"Baba, ka bar ni in kama maka. Ba sai an ce ni na yi ba."

Kibwana ya ɗaga murya don mu ji.

"Kun ji ko? Yaro yana so ya koyi aiki kyauta! Je ka, Shomari, in na gama ka zo ka kalla. Kallo ba na hana kowa."

Shomari ya ce to, ya sa kai ya tafi.

Yanzu ramin ya fi ƙarfin wayar kaji. Kibwana ya sauka bakin teku, can wajen la'asar ya dawo yana jan wani tsohon taru, irin wanda masunta ke kama 'yan mitsi-mitsin kifi da shi. In za a faɗi gaskiya idonsa ƙanana ne, sauro ba zai wuce ba. Amma mun ji zuwansa tun kafin mu gan shi. Shekara goma tarun nan yana shan kifi. Ƙudaje suna biye da shi kamar 'yan rakiyar amarya, bayansu kyanwoyi, sama kuma hankaki.

Sikujua ta toshe hanci da gefen zane.

"Ni da nake kwana cikin kifi ma na ji wannan. Injiniya, jariri za a kwantar ko miya za a ɗora?"

"Warin shi ne maganin. Sauro ba ya son ƙarni."

"Mutum ma ba ya so."

Da ya ga kyanwoyin sun kai tara, sai ya shige gida ya fito da wata kwalba, ya bi tarun yana yayyafawa. Ruwan wardin Mwantumu ne, wanda ta ɓoye wa mai jego tun watanni shida. Ƙarnin bai tafi ba. Sai dai yanzu layin ya koma warin mataccen kifin da aka shirya za a kai shi gidan miji. Kyanwoyi suka zama goma sha huɗu.

Ran Juma'a ya ɓalle gadonsu na aure, ya ce katakonsa ne kaɗai ya kai ingancin da yake so. Ya shige ɗakin mai jego da zarto da guduma da tarun, ya kama haɗa sabon firam wanda zai rufe ramin gaba ɗaya. Bayan an sauko daga masallaci sai ga Mwantumu ta tsallako titi ta zauna a ƙarshen dakalina, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zuba mata kofi ba tare da ta tambaya ba. Ta riƙe shi har ya huce.

"Mbaruku, shekara talatin da ɗaya ina jin labarin jirgin nan, ban taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Ba ya cutar da kowa, na ce a bar shi da abinsa. Amma 'ya ɗaya gare ni. Uwata ce ta yi mini wanka a ɗakin can da na haife ta. In suka wuce da ita kan dutse, wata ce za ta gasa mata jiki, ni ina nan ina kallon rami."

Na ce, "A kira Shomari ta bayan gida mana."

"Ya kulle ɗakin ta ciki."

"Ɗakin da ba bango?"

"Yana zaune a bakin ramin da guduma. Ya ce duk kafintan da ya matso, ya yi sallama da gwiwarsa."

Ta ajiye kofin ba ta sha ba, ta koma gida.

Asabar da safe Kibwana ya yi wanka, ya sa farar doguwar riga ta sallah da hula mai aiki, ya aika a shaida wa duk layin cewa a fito a ga yadda ake aiki. Aka fito kuwa. Har mai gyaran keke ya rufe rumfarsa. Firam ɗin yana tsaye a tsakiyar ɗakin, ya fi ƙofar masallaci girma, an ɗame tarun a jikinsa da ƙusoshi sun fi ɗari, rabinsu a lanƙwashe.

A nan ne ya tuna cewa ta waje za a kafa shi, shi kuwa a ciki ya haɗa.

Ya gwada ƙofar ɗaki, ko kusurwa ɗaya ba ta shiga ba. Ya dawo bakin ramin, ya karkata firam ɗin, ya tura. Rabi ya fito titi, rabi ya tsaya a ɗaki, ya cije tsam. Ya tura, ya ja, ya girgiza. Ko motsi.

Sikujua ta ce, "Bar shi haka mana. Sai mu riƙa shanya."

Wani daga baya ya ce, "Injiniya, a kawo robar awo?"

Kibwana ya gyara hula.

"Ku matsa. Haka ƙofar jirgi ta taɓa yi mini a Mombasa. Kafaɗa ɗaya take so."

Ya ja da baya har bangon ƙarshe na ɗakin. Ya tattare riga. Na ce, "Kibwana, don Allah," amma ya riga ya taso. Mutum ne mai jiki, kuma ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. Ya yi kan katakon da kafaɗa, sai dai ya kuskure shi ya faɗa tsakiyar tarun. Ƙusoshi suka yi ta tsalle kamar gugguru. Firam ya fito, sauran bangon ya ce bai ga ta zama ba, ya bi shi. Kibwana ya mirgino titi, ya yi juyi huɗu, kowane juyi tarun yana ƙara naɗe shi, har ya tsaya a tsakiyar hanya a ɗaure tam daga wuya zuwa idon sawu, hular tana nan a kansa. Kafin ƙura ta kwanta kyanwoyi uku sun haye shi.

Daidai lokacin bajaji, keken nan mai ƙafa uku, ya shawo kwanar layin, ya taka birki har sai da ya ɗaga ƙafar baya. Tazarar taku biyu ta rage tsakaninsa da Kibwana.

Dattijo Shemdoe ya fara saukowa, dogo siriri, da kwat da tabarau da lema a hannu. Bayansa Zuhura rungume da jariri. Ya dubi gidan, wanda yanzu daga titi ana ganin katifa da akwati da kalandar bango. Ya dubi taron. Sannan ya sunkuya ya dubi abin da ke kwance a gabansa.

Direban bajajin ya leƙo. "Kai! Wannan a ina aka kamo shi?"

"Yanzu ya fito," in ji Sikujua. "Ko sayarwa ba a fara ba. Nawa ka saya kilo?"

Zuhura ta ce, "Baba?"

Kibwana ya yi gyaran murya daga cikin tarun. Kyanwa ɗaya tana lasar kunnensa.

"Barka da zuwa, suruki. Kun sha hanya. Ka iske ni ina gwajin ƙarshe ne. Ka dai gani da idonka, ni kaina, mutum mai kilo casa'in, na taho a guje ban iya wucewa ba. To ina ga sauro?"

Shemdoe ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wannan gaskiya ne, suruki. Ragar ta yi. Saura ɗakin da za a sa mata."

Layin ya fashe da dariya. Mai gyaran keke har zama ya yi a ƙasa. Shemdoe dai bai yi dariya ba. Ya juya wurin direban ya ce ya juya kan keken, tashar motar Lushoto za su.

A nan Mwantumu ta fito. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta wuce mijinta, har sai da ta ɗan tsallake ƙafarsa, ta durƙusa ta gaida Shemdoe, ta karɓi jaririn ta duba fuskarsa. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce,

"Dattijo, ka ba ni zuwa la'asar. Ɗakin gaba yana nan da bangonsa huɗu. Mai jego ta huta a gidan Sikujua, tagoginta lafiya lau suke. In la'asar ta yi ka ga hanyar sauro ɗaya, ni da kaina zan ɗora musu kaya a mota."

Shemdoe ya dubi agogo. "Wa zai yi aikin?"

"Ni," in ji tarun.

Na riga na ɗauko wuƙa zan yanke igiyoyin, sai Mwantumu ta riƙe hannuna.

"Mbaruku, duk wanda ya kwance shi kafin a gama, ni da shi har lahira."

Shemdoe ya ce, "In haka ne, na yarda."

Mu shida muka ɗauke shi kamar buhun masara muka kwantar a inuwar mangwaro. Aka sa masa filo. Na riƙa ba shi gahawa da cokali, Sikujua ta ba da aron mafici don korar ƙuda. Shomari ya iso da naɗin raga a hammata da ɗan akwatinsa. Ya cire siraran katakan tagar ɗakin gaba ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya karya ko guda ba, ya auna da tef ya bar rarar yatsa biyu kowane gefe, ya kafa ragar daga sama, ya ja ta ta miƙe kamar fatar ganga, ya bi ta da ƙananan ƙusoshi, ya mayar da katakan, ya yanke abin da ya leƙo. Ya wuce ta biyu, ya wuce ta uku. Wasu suka kawo kwanon rufi aka toshe rusasshen ɗakin kafin magini ya samu zuwa.

Duk wannan Kibwana yana kwance yana ba da umarni.

"Shomari! Hagu kaɗan! Ba haka na nuna maka ba! Mbaruku, juya ni, ba na ganin aikin."

Shomari yana cewa, "To, Baba," yana ci gaba da abin da yake yi.

Tun kafin a kira la'asar Shemdoe ya bi tagogin nan uku da tabarau, yana bin kowane gefe da yatsa, har da hura iska. Ya leƙa ƙarƙashin ƙofa, ya sa aka cusa tsumma. Sannan ya ce a shigo da kayan mai jego. Mwantumu ta juya ta shige madafa da sauri, muka ji tana fyace hanci, can kuma hayaƙin itacen wanka ya tashi.

Sai a lokacin aka yanke tarun. Sai da Kibwana ya yi wanka uku kafin Zuhura ta yarda ya shiga ɗakin. Muka shiga tare da shi yin barka, ni da Sikujua da Shomari, muka iske Mwantumu da Dattijo Shemdoe a ciki. Aka ɗora masa jaririn a hannu. Ya kalli 'yar fuskar, ya taɓa ɗan yatsan da nasa kumburarren, idonsa ya kawo ruwa. Mun kai minti biyar ba mu ji labarin jirgi ba.

Can ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan taga. Sauro ɗaya ne ya zo ya sauka a jikin sabuwar ragar, ta waje, yana neman hanya bai samu ba.

Kibwana ya miƙa wa Zuhura jaririn a hankali. Ya sunkuya ya zare takalminsa, mai ƙaton dunduniyar katako. Ya ɗaga shi sama har bayan kai.

Ban san wanda ya fara tashi ba. Na dai ga Mwantumu ta kama hannun, Sikujua ta kama ƙafa, Shomari mai kunya ya rungumo ƙugu, ni na faɗa ta baya, Dattijo Shemdoe kuwa da kwat ɗinsa da shekarunsa saba'in ya yi tsalle ya haye samanmu duka. Muka zube a tsakar ɗaki. Ƙarar faɗuwarmu ta sa sauron ya tashi abinsa.

Muna kwance muna haki, sai muka ji muryar Kibwana daga can ƙasa.

"Kun ga yadda ya gudu da ya gane ni?"